Situdiyon tafi-da-gidanka a Jigawa

Situdiyon tafi-da-gidanka ƙaramin tsari ne na ɗaukar sauti wanda ake haɗawa da kwamfutar tafi-da-gidanka, da makirufo, da akwatin sauti, da abin sauraro na kunne, da manhajar naɗar murya. Duka kayan kan shiga jaka ɗaya, a kai su inda mai magana ko mawaƙi yake. Bambancinsa da situdiyon dindindin shi ne ba shi da ginannen ɗaki da aka toshe don hana hayaniya. Duk inda aka sauka, nan ake mayarwa wurin ɗauka.

A Dutse da garuruwan masarautarta, wato Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram, masu amfani da irin wannan tsari sun haɗa da ɗaliban harshe da adabi, da 'yan jarida, da masu naɗar tafsiri da karatun Alƙur'ani, da mawaƙa, da masu shirya tallace-tallacen rediyo. A yanayin wannan yanki, ingancin sautin da ake samu ya fi dogara ga abubuwa uku: wurin da aka zaɓa, da wutar da kayan suke amfani da ita, da tazarar makirufo daga baki. Tsadar kaya tana zuwa ne a bayansu.

Tarihi

An fara naɗar sauti a kuma sake sauraronsa a shekarar 1877, lokacin da Thomas Edison ya ƙera na'urarsa a Amurka. Shekaru da dama bayan haka, naɗi mai inganci sai a manyan ɗakunan kamfanoni da gidajen rediyo. Rikodar faifan zare ta Nagra, wadda Stefan Kudelski ya fara ƙerawa a Suwizalan a 1951, tana cikin na'urorin da suka ba masu bincike damar fita da kayan aiki zuwa cikin gari. A tsakanin 1963 da 1964 David Ames ya naɗi kaɗe-kaɗe da bushe-bushen Hausa a ƙasar Zazzau, kuma a 1971 shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya shigar da naɗar murya hannun jama'a. Da shi aka yaɗa wa'azi da tafsiri da waƙoƙin makaɗan baka a kasuwannin Arewa. A 1979 Tascam ya fitar da Portastudio, na'urar da ke naɗar layi huɗu a kaset ɗaya, wadda ake ɗauka a matsayin mafarin situdiyon gida. Bunƙasar finafinan Hausa a Kano a shekarun 1990 ta haifar da ƙananan situdiyo masu aiki da fiyanon Yamaha, daga baya kuma kwamfuta ta karɓi aikin haɗa kiɗa da murya. Fitowar mahaɗin USB a 1996 da manhajar Audacity ta kyauta a shekarar 2000 sun sa kwamfuta ɗaya ta iya yin aikin da a da sai an tara na'urori da yawa.

An ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta. Kafuwar gidajen rediyo irin su Rediyon Jigawa da Freedom Radio Dutse, da kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa a 2013, sun ƙara yawan masu buƙatar naɗar murya a jihar. Duk da haka, manyan situdiyo da shagunan kayan sauti sun fi yawa a Kano, musamman a Sabon Gari, kuma daga can akasari ake sayo kayan.

Muhimmancinsa ga nazarin harshe da al'ada

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "fara" tana iya nufin launi, ko soma abu, ko ƙwaron da ke cin amfanin gona. "Gari" kuma tana iya nufin wurin zama ko abin da aka niƙa. A baki ne kaɗai ake rarrabe su. Haka kuma bambancin "kara" da "ƙara", ko "daidai" da "ɗaiɗai", yana rataye ne a kan ɗan motsin maƙwallato da ke faruwa cikin ƙanƙanin lokaci. Naɗin da ya cika da hayaniya ko aka matse shi fiye da kima yana iya gamsar da mai sauraron labarai, amma ba zai wadatar da mai auna waɗannan sautuka ba.

Jigawa tana da misali na abin da ake asara idan ba a naɗa ba. Harsunan Auyokawa a ƙasar Auyo da Teshenawa a ƙasar Kafin Hausa, waɗanda dangin Bade da Ngizim ne, sun mutu bayan masu su sun koma Hausa. Abin da masana irin su Russell Schuh suka samu na nazari a kansu 'yan jerin kalmomi ne a takarda. A yau akwai Fulfulde a rugage da ƙauyukan yankin, akwai Warjanci a ɓangaren Birnin Kudu da ke iyaka da Jihar Bauchi, akwai kuma bambance-bambancen furuci a Hausar ƙauyuka da ke raguwa saboda tasirin Kananci ta rediyo da fim. Waƙoƙin daka da na niƙa suna ja da baya tun da injin niƙa ya yawaita, tatsuniya kuma tana gogayya da waya. Masu riƙe da waɗannan abubuwa galibi tsofaffi ne da matan da ba sa fita, waɗanda ba za a iya kai su situdiyo a Kano ba. Situdiyon ne zai je gare su.

Kayan aiki

Kwamfuta. Naɗar layi ɗaya ko biyu ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi sosai. Wadda ke da RAM na gigabait 8 da ma'adanar SSD ta wadatar. SSD ba ta da faifai mai juyawa, don haka ba ta ƙara kuma ta fi jure girgizar hanya. Abubuwan da suka fi muhimmanci su ne lafiyar batir da shirun fanka. Yawancin kwamfutocin da ɗalibai ke saya na hannu ne, batirinsu ya riga ya gaji, saboda haka akan gwada tsawon lokacin da batir ke ɗauka kafin a dogara da shi a ƙauye.

Akwatin sauti. Masu situdiyo suna kiransa sawun-kad. Aikinsa biyu ne: yana ƙarfafa siririyar wutar da makirufo ke fitarwa, sannan ya mai da ita lambobin da kwamfuta ke adanawa. Ramin makirufo da ke jikin kwamfuta yana kusa da sassan da ke haifar da hayaniyar lantarki, shi ya sa ake fitar da wannan aiki waje. Akwati mai ƙofa biyu, irin Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD, yana ba da damar naɗar mai tambaya da mai amsa kowa a layinsa. Irin waɗannan suna cin wuta ne daga USB ɗin kwamfuta, ba sa buƙatar soket.

Makirufo. Iri biyu aka fi amfani da su. Dainamik, kamar Shure SM58 wanda ake ƙerawa tun 1966, ba ya buƙatar wuta, yana jure ƙura da zafi da faɗuwa. Da yake ana kusantar da shi ga baki, muryar takan rinjayi hayaniyar wuri. Kwandensa ya fi jin sauti mai laushi, amma yana buƙatar wutar volt 48 daga akwatin sauti, kuma danshin damina da ƙurar hunturu suna iya sa shi tsartsatsi. A gidan da ba a gyara don naɗi ba, dainamik yakan fi ba da sakamako mai tsabta. Masu nazarin furuci sukan fi son ƙaramin makirufo mai maƙalewa a kai, domin tazararsa da baki ba ta canzawa ko mai magana ya juya. Akwai jabun kaya masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni a kasuwa, don haka akan gwada makirufo da kunne kafin a biya.

Makirufo mai ɗaukar sauti daga gaba kawai, wanda zanen jinsa ke kama da siffar zuciya, yana rage abin da ke bayansa. Ana juya bayansa ga ƙofa ko taga ko kwamfuta. Wanda ke ɗauka daga kowane ɓangare ya fi dacewa da da'irar masu hira ko 'yan mata masu gaɗa.

Waya. Wayar XLR mai fil uku tana ɗauke da sautin sau biyu, ɗaya a juye. Idan sun isa akwatin sauti, hayaniyar da suka kwaso a hanya takan soke kanta. Wannan ne ya sa ake iya ja da ita mita goma ko fiye ba tare da gunji ba, abin da siririyar wayar iyafis ba ta iyawa. Waya ce abin da ya fi saurin lalacewa, shi ya sa ake tafiya da ta biyu.

Abin sauraro. Ana amfani da hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, mai waya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti yana kuma matse shi. Lasifika ba ta da amfani a lokacin ɗauka, domin abin da ta fitar zai koma cikin makirufo.

Ƙananan kaya. Akwai sandar kafa makirufo, domin riƙewa da hannu yana shigar da ƙarar yatsu. Akwai soso ko rigar gashi ta kare iska. Akwai kuma 'yar rariyar da ake sawa tsakanin baki da makirufo don tare iskar da ke fita da sautuka irin su "f" da "b". Ana iya yin ta da zoben waya da siririyar safa.

Manhaja. Audacity kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma ta isa naɗar magana. Mawaƙa sun fi amfani da FL Studio da Cubase. Don nazarin harshe akwai Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amsterdam, mai nuna hawa da saukar murya, da ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, wadda ake daidaita rubutu da fassara da sauti a cikinta.

Zaɓen wuri

Abu biyu ne ke ɓata wuri: hayaniyar da ke shigowa daga waje, da amsa-kuwwar da ke yawo a ciki. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Hayaniyar waje sai bango mai kauri da nauyi, ko nisa, ko sauya lokaci. Amsa-kuwwa kuwa kaya masu laushi ne ke shanye ta. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke liƙawa a bango ba ya hana ƙarar babur shigowa, kuma abin da yake shanyewa kaɗan ne.

Ɗakin bulo da aka yi wa filasta da tayil, babu kaya a ciki, yana cikin mafi munin wurare, domin murya tana bugun bango ta dawo. Aji da ofis da falo marar labule duk haka suke. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, irin wanda har yanzu ake samu a tsofaffin unguwanni da ƙauyukan yankin, ya fi su: bangonsa mai kauri yana tare hayaniya, fuskarsa ba sumul take ba, kuma yana da sanyi da rana. Ɗakin mace mai gado da katifa da labule da kayan sawa yakan ba da sauti mai kyau ba tare da an ƙara komai ba, sai dai jeren kwanuka da ke iya amsawa idan an ɗaga murya. Soro mai rufin baka yana tara sauti a tsakiyarsa, don haka akan zauna gefe.

Rufin kwano yana da matsala biyu. Da rana yana ƙas-ƙas idan zafi ya buɗa shi ko girgije ya sanyaya shi. Da damina kuma ko yayyafi ya isa ya hana aiki.

Ana gwada ɗaki da tafi ɗaya. Idan ƙarar ta mutu nan take, wurin ya yi. Idan ta yi wutsiya, sai a gyara. Akan jingine katifa a bayan mai magana, a rataya bargo a gefe, a shimfiɗa darduma a ƙasa, a kuma kauce wa kusurwa da tsakiyar ɗaki. Cikin mota a kashe, an rufe gilasai a inuwa, wuri ne da 'yan jarida ke amfani da shi don gajeren naɗi.

Lokaci ma yana cikin zaɓen wuri. A Dutse akan lura da lokutan kiran salla, da tashin makarantu, da ƙarar babura da injin niƙa da janaretan maƙwabta. A garuruwa masu babbar kasuwar mako, kamar Shuwarin, akan kauce wa ranar kasuwa. Hantsi, bayan kaji sun lafa kuma kafin zafi ya tsananta, yakan fi dacewa. Daren damina yana zuwa da kukan gyare da kwaɗi, wanda ke da wuyar cirewa daga baya. Tun da bisa al'ada da dare ake tatsuniya, mai bincike yakan zaɓa tsakanin tsabtar sauti da yanayin asali, ya kuma rubuta wanda ya zaɓa.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar Najeriya volt 230 ce mai juyi 50 a daƙiƙa, kuma kamfanin KEDCO ne ke rarraba ta a Jigawa da Kano da Katsina. Idan wayar gida ba ta da haɗin ƙasa mai kyau, ko caja ba ta da inganci, wannan juyi yakan shiga naɗi a matsayin gunji a 50 Hz, tare da 'ya'yansa a 100 Hz da 150 Hz. Muryar namiji baligi tana kaiwa da komowa ne a tsakanin kimanin 85 Hz da 180 Hz. Ke nan gunjin yana zama daidai inda ake auna karin sauti, har yakan ruɗa manhaja irin Praat ta bi shi maimakon muryar.

Hanya mafi sauƙi ita ce a cire caja a yi naɗi da batir. Ta haka an rabu da gunji, an kuma tsira daga ɗaukewar wuta ko hauhawarta a tsakiyar aiki. Janareta yana kawo ƙara ta iska da kuma ta waya, don haka akan yi caji da shi tukuna a kashe. Inbata mai arha da ke fitar da wuta mai gaɓa-gaɓa tana haifar da zizar da ake ji a hedifon. Mai fitar da lafiyayyen igiyar wuta ba ta yin haka. Don tafiyar kwanaki akan riƙe fawa-bank mai iya cajin kwamfuta ta USB-C, ko a yi caji da sola.

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a yankin yakan haura digiri 40. Fankar kwamfuta takan tashi da ƙarfi, ita kuma fankar ɗaki dole a kashe ta. Akan ɗora kwamfuta a kan abu mai tauri, ba katifa ba, a nisanta ta da makirufo gwargwadon tsawon waya, a rufe sauran manhajoji, a kuma yi naɗin a gajerun zango don mai magana ya sha iska. A lokacin hunturu ƙura tana toshe hanyar iskar kwamfuta tana kuma kwanciya a fatar makirufo, saboda haka ana ajiye kaya a jaka mai zif. Bushewar iska tana busar da maƙogwaro da leɓe, ruwan sha a kusa yana rage wannan ƙarar.

Saiti da yadda ake ɗauka

Kwamfuta tana adana sauti ne ta hanyar auna shi sau dubbai a daƙiƙa. Faifan CD yana amfani da awo 44,100 a daƙiƙa da zurfin bit 16. Don ajiya ta dogon lokaci, ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a gaza 48 kHz da bit 24. Bisa ƙa'ida, awo 48,000 yana iya riƙe sauti har zuwa 24 kHz, wanda ya wuce iyakar jin ɗan Adam ta kimanin 20 kHz. Bit 16 yana ba da tazarar kimanin desibel 96 tsakanin mafi ƙarancin sauti da mafi ƙarfinsa, bit 24 kuma kimanin 144 a lissafi. Amfanin wannan shi ne ana iya naɗi ƙasa-ƙasa ba tare da asarar inganci ba.

Ana adanawa a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai. Layi ɗaya a 48 kHz da bit 24 yana cin kimanin megabait 8.6 a minti, wato kusan rabin gigabait a awa. MP3 da saƙon murya na WhatsApp suna rage girma ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Ana yin su ne a matsayin kwafin rabawa, ba uwar naɗi ba.

Matakan da aka saba bi su ne:

1. A haɗa makirufo da akwatin sauti kafin a kunna wutar volt 48, idan makirufon yana buƙatarta.
2. A zaɓi akwatin sauti a cikin manhaja, domin sau da yawa kwamfuta takan koma wa makirufon jikinta ba a sani ba. Ƙwanƙwasa makirufo a hankali yana nuna wanda ke aiki.
3. A kashe duk gyaran sauti na kai-tsaye da Windows ke yi, da sanarwa, da Wi-Fi. A sa wayoyin da ke ɗakin a yanayin jirgi, domin neman sabis yana shiga naɗi.
4. A kafa makirufo kimanin taƙi ɗaya daga baki, wato santimita 15 zuwa 20, a ɗan karkace. A fili, duk ninka tazara yana rage ƙarfin murya da kimanin desibel 6, alhali hayaniyar wurin tana nan yadda take. Matsowa kusa ya fi duk wani gyara da manhaja za ta yi.
5. A sa mai magana ya yi gwaji da muryarsa ta gaske, a daidaita ƙarfin shiga yadda ƙololuwar sauti za ta tsaya tsakanin -12 da -6 a ma'aunin manhaja. Sautin da ya kai 0 yana fashewa, kuma ba a iya mai da shi daidai.
6. A naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 30, a faɗi kwanan wata da wuri da abin da za a ɗauka, sannan a fara.
7. A ci gaba da sauraro da hedifon har a gama, a kuma adana fayil kafin a tashi.

Kiɗa yana buƙatar ƙarin sarari. Kalangu da kotso da tambari suna da bugu mai tashi farat ɗaya, don haka akan rage ƙarfin shiga fiye da na magana. Algaita da kakaki, irin waɗanda ake busawa a hawan salla a fadar Garu, a fili ake ɗaukarsu daga 'yar tazara. Gurmi da kukuma suna da sanyin sauti, akan kusantar da makirufo ga ƙoƙonsu. Mawaƙi da 'yan amshi akan ba su layi daban-daban. Duwatsun Birnin Kudu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya yi bayaninsu a tsakiyar shekarun 1950, misali ne na sautin da ba a iya kai shi ko'ina. Sai an je wurinsa, da rigar kare iska.

Tace hayaniya da manhaja yana cin wani abu daga muryar, musamman fashewar "ƙ" da "ts" da sautuka masu shuu. Don haka ana gyara kwafi ne, a bar uwar naɗi yadda take.

Izini da adanawa

A ƙauye akan fara da gaisuwa wajen dagaci ko mai unguwa, sannan maigida. Naɗar mata a cikin gida yakan fi sauƙi idan mace ce ke riƙe da kayan. Ana bayyana wa mai magana, da harshen da yake ji, abin da za a yi da muryarsa, da wanda zai saurara, da ko za a sa ta a intanet, da ko yana so a ambaci sunansa. Ga wanda ba ya karatun boko, ana naɗar amincewarsa da bakinsa. Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya ta 2023 ta shafi tattara bayanan mutane, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 kuma ta tanadi kariya ga masu wasa da ga adabin gargajiya. Bisa al'ada akan yi wa makaɗi ko tsohuwa alheri, a kuma mayar musu da kwafi a memori.

Naɗin da ba a san wanda ya yi magana ko inda aka yi shi ba, amfaninsa kaɗan ne. Ana ba fayil suna mai tsari, misali 2024-03-15_Jahun_tatsuniya_01, a kuma rubuta shekarun mai magana, da garin da ya tashi, da harsunan da yake ji, da kayan da aka yi amfani da su. Ana iya ƙara lambar harshe ta duniya: hau ga Hausa, fuv ga Fulfulden Najeriya, wji ga Warjanci. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Filasha da memori suna saurin lalacewa ko kamuwa da bairos a shagunan tura waƙa, ba a barin kwafi ɗaya tilo a cikinsu.

Akwai wuraren da ke karɓar naɗi don amfanin jama'a. Lingua Libre yana tura furucin kalmomi zuwa Wikimedia Commons, Common Voice na Mozilla yana tattara jimlolin Hausa don koyar da na'ura jin magana, ELAR kuma, wadda ta koma Berlin daga Landan a 2021, tana adana bayanan harsunan da ke fuskantar ɓacewa.

Iyakokinsa

Kwamfuta ba ta dace da naɗi cikin tafiya ko cunkoso ba, kamar kasuwa ko filin dambe. A nan ƙaramar rikoda ta hannu, irin ta Zoom ko Tascam, ta fi sauƙi, kuma da yawansu suna iya zama akwatin sauti idan an haɗa su da kwamfuta. Waya tana iya fitar da sauti mai amfani idan an sa mata makirufo na waje da manhajar da ke adana WAV, sai dai yawancin wayoyi suna gyara sauti da kansu. Tarin wayoyi da allo a gaban mutum yakan sa wasu tsofaffi su sauya salon maganarsu zuwa irin ta rediyo, shi ya sa masu bincike kan janye kwamfuta gefe su bar hira ta ɗan yi nisa kafin su shiga ainihin tambayoyi. Haɗa kiɗa na ƙarshe don sayarwa kuwa har yanzu ya fi kyau a ɗakin da aka gyara, mai lasifikan da aka tanada don wannan aiki.

Duba kuma

Dutse
Harshen Hausa
Karin sauti
Kiɗan Hausa
Kannywood
Birnin Kudu